Ka'idar Bita da Tazara a Karatun Intanet

Ka'idar bita da tazara ta samo asali ne daga binciken da masanin halayyar ɗan Adam, Bajamushe Hermann Ebbinghaus, ya wallafa a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, daga nan sai ta lafa.

A kan haka ne manhajoji irin su Anki ke maido wa ɗalibi da tambaya kafin amsar ta kuɓuce masa. In ya amsa daidai, tazarar kwanakin ta ƙaru. In ya kuskure, ta ragu.

Ɗalibin da ya jinkirta bita sai daren jarrabawa yakan manta akasarin karatun. Mahaddata Alƙur'ani sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba sa barin tilawa.