Daga ɓawon itace zuwa allurar ciwon daji: tafiyar shekara 51

Jama'a, kullum sai ka ga ana tallar sassaƙe a Facebook, wai yana warkar da ciwon daji cikin sati biyu. Bari mu waiwayi tarihi kaɗan.

A 1962 wani masanin tsirrai a Amurka, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon wata bishiya mai suna yew a jihar Washington, cikin shirin gwamnati na gwada dubban tsirrai. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin da ke ciki, suka sa masa suna Taxol, suka bayyana tsarinsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwayoyin daji rabuwa. Sai 1992 aka amince da shi, shi ma don dajin ƙwan mace.

Shi kuwa dajin fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sai 2013 aka amince da wani sabon nau'in maganin, haɗe da gemcitabine. Kun san nasarar da aka samu a gwajin? Matsakaicin tsawon rayuwar marasa lafiya ya tashi daga wata 6.7 zuwa 8.5. Bai kai ƙarin wata biyu ba, amma likitoci suka yi murna, don cutar tana da wuyar sha'ani.

To, akwai magani a itace, wannan gaskiya ne. Amma sai an tace, an auna, an gwada. Don Allah kar mu bari ɗan'uwa ya bar asibiti saboda talla.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya.