Daga Tukunyar Kaka Zuwa Kwalbar Kanti: Tarihin Gyaran Jikin Matan Kafanchan

Kusan kowace unguwa a Kafanchan tana da tsohuwar da ake kwatance da ita: ta haura saba'in, amma fatarta sumul, ba tabo ba ƙuna. In muka ce mata, "Kaka, mene ne sirrin?" sai ta yi dariya, ta ce ita dai ba ta san komai ba sai abin da ta ci da man da ta shafa. Wannan amsa tana da tarihi mai tsawo a ƙasar nan.

A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Gumakan sun haura shekara 2,000, kuma da yawansu an yi su da kitso iri-iri da duwatsun wuya. Daga baya masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka gano gero da wake da ƙwallon atili a kufayen mutanen Nok, har da alamun kakin zuma a tukwanensu. Ashe ado da abinci mai gina jiki sun daɗe tare a kudancin Kaduna.

Bayan kafuwar masarautar Jama'a wajen 1810, kakanninmu sun zauna kusa da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro, kasuwa ta haɗa tukwanenmu. Fatake na kawo kanwa da lalle da tozali daga Arewa, mu kuma muka saba da acha da manja da atili. Gwaten acha mai rama ko yakuwa, miyar kuka da daddawar kalwa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, su ne cimar yau da kullum. Bayan wanka da sabulun salo, sai man kaɗe. Ba sabbin abubuwa ba ne a Afirka ta Yamma: Ibn Battuta, da ya ziyarci Mali a 1352, ya ambaci acha da man kaɗe a labarin tafiyarsa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya al'amura. Zuwa 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, a 1933 kuma hedikwatar masarauta ta dawo garin. Citta ta kama hanyar teku, kayan kanti suka shigo: fulawa, sukari, sabulu mai ƙamshi, man shafawa na kwalba. Sannu a hankali muka fara ɗaukar acha abincin ƙauye ko na marasa lafiya, man kaɗe kuwa muka ce yana wari. Farar shinkafa da lemon kwalba suka zama alamar wayewa.

Daga nan sai mayukan bilicin suka biyo baya. Da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke rage baƙin da Allah Ya sanya a fata domin kare ta daga zafin rana. Shi ya sa muke ganin matan da ba su kai talatin ba da ƙuna a kumatu, da nankarwa, da fata mai tsagewa da wuri. Masu ɗauke da sinadarin makuri har ƙoda suke taɓawa. Abin ya kai ga hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin gero da danginsa, har da acha. Man kaɗen da muka raina, shi kamfanonin Turai da Amurka ke zubawa a mayukansu masu tsada.

Ba muna cewa rayuwar da ta fi ta yanzu sauƙi ba. Kakanninmu sun sha wahalar daka da ɗibar ruwa da haihuwa ba asibiti, kuma babu abincin da ke hana tsufa. Amma tsufa da lafiya daban yake da tsufan da muka jawo wa kanmu da kuɗinmu. Acha da ganye da wake da gyaɗa suna nan a kasuwar Kafanchan, man kaɗe bai kai kuɗin kwalbar bilicin ba. Idan za mu haɗa lefe ko gyaran amarya, mu duba abin da muke zubawa a ciki. Wadda fatarta ta riga ta lalace kuma, ta nufi likita, kada ta koma wa mai haɗin da ya ɓata ta. Mu zaunar da 'ya'yanmu mata gaban kakanninsu su koya tun suna raye. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka.