Inuwar Garwa a kan Birkitiri

A Yawunde, babban birnin Kamaru, duk Musulmin da ya sa babbar riga Bahaushe ne a bakin mutanen Kudu, ko da Bafulatani ne daga Garwa ko Babarbare daga bakin tafkin Chadi. Unguwar da ake kira ta Hausawa ita ce Birkitiri, maƙwabciyar Messa da kasuwar Mokolo; sunan Birkitiri kuwa ya samo asali ne daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa. Fatake suka fara zama a can, sannan mahauta, teloli da masu tsire. Siyasar unguwar kuwa kullum daga Arewa ake hura wutarta.

Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya haɗe jam'iyyun Kamaru cikin UNC a 1966, aka shiga mulkin jam'iyya ɗaya. A Nuwamban 1982 ya miƙa mulki ga Paul Biya, amma ba a ci talata ba suka ɓata. Ran 6 ga Afrilun 1984 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, yawancinsu 'yan Arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki. Bai yi nasara ba. Aka harbe wasu, aka ɗaure wasu, ciki har da wani injiniyan jirgin ƙasa, Isa Ciroma Bakari, wanda ya shafe shekara shida a kurkuku. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa na can har yau.

Da aka halatta jam'iyyu a Disamban 1990, wannan tabo ne ya zama ƙuri'a. Jam'iyyar UNDP ta Bello Buba Maigari, ɗan Arewa, ta ci kujeru 68 cikin 180 a Maris ɗin 1992, RDPC ta Biya ta samu 88. A zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba, Bello ya kwashi kashi 19 cikin ɗari, alhali kashi huɗu kacal ne tsakanin Biya da ɗan adawa John Fru Ndi. Har gobe 'yan adawa na cizon yatsa kan wannan lissafi. A 1997 Bello ya karɓi kujerar minista, ɗan kasuwa mai rumfa a babban birni kuma ya fahimci saƙon: ba a zama a inuwar gwamnati ana jifanta.

A Yunin 2025 Bello da Ciroma, wanda shi ma ya shiga tafiyar Biya bayan fitowarsa daga kurkuku, suka fice daga cikinta, kowa ya tsaya takara shi kaɗai. Bayan zaɓen 12 ga Oktoba, Majalisar Tsarin Mulki ta ba Biya kashi 53.66, Ciroma 35.19. Ciroma ya ce shi ya ci, aka yi zanga-zanga a Garwa da Duwala, daga baya ya samu mafaka a Gambiya.