Daga Ƙofar Wambai Zuwa YouTube

Tun fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990, da wuya ɗan wasan kwaikwayo ya mallaki aikinsa. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai ke sayen fim, su buga kaset, daga baya faifai, su yanke farashi. Da satar fasaha da tura finafinai ta wayar hannu suka durƙusar da wannan ciniki, sai 'yan wasa suka nemi wata kafa. Alal misali, a 2020 Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tasharsa ta YouTube, watau Bakori TV. Shi ne jarumi, shi ne mai shiryawa, shi ne kuma dillali. Kuɗin talla ya maye gurbin kuɗin faifai, sa'an nan labari ya koma mai dogon zango, ana yanka shi mako-mako domin mai kallo ya dawo.