May Mann Jennings: Matar da ta tsare kurmin Paradise Key

May Mann Jennings (1872–1963) 'yar gwagwarmayar kare daji ce a jihar Florida ta Amurka, wadda ake yi wa laƙabi da uwar gandun dajin jihar. Da ƙoƙarinta aka kafa Royal Palm, gandun shaƙatawa na farko da jihar ta samu, a lokacin da matan Florida ba su da 'yancin jefa ƙuri'a.

Ta tashi cikin siyasa. Mahaifinta ɗan majalisar jiha ne, mijinta William Sherman Jennings kuma ya yi gwamna daga 1901 zuwa 1905. Wannan ya sa ta san 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Wurin da ta tsaya a kansa shi ne Paradise Key, wani tudu mai duhun kurmi a tsakiyar fadamar Everglades, inda dogayen itatuwa masu kama da kwakwa ke tsirowa da kansu. Da aka fara shimfiɗa hanya ta yankin, masu sha'awar wurin suka ga cewa gatari da wuta na tafe. Bayan an zaɓe ta shugabar Tarayyar Ƙungiyoyin Mata ta Florida a 1914, sai ta kai maganar gaban majalisa. A 1915 majalisar ta ba tarayyar eka 960, matar marigayi attajirin jiragen ƙasa Henry Flagler ta ƙara wata 960, aka buɗe gandun a watan Nuwamba na 1916.

Sai dai da farko majalisar ta ba da ƙasa ta riƙe kuɗi. Yawancin nauyin albashin mai gadi da gina masauki da kashe gobarar rani ya koma kan matan, har suka riƙa tara taro da sisi daga membobinsu. Sun riƙe wurin fiye da shekara talatin, faɗinsa ya kai eka 4,000 a 1921. A 1947 suka miƙa shi ga gwamnatin tarayya, ya shiga cikin gandun ƙasa na Everglades, wanda Shugaba Harry Truman ya ƙaddamar a watan Disamba na shekarar.

Tarihinta yana da ƙulli. Mijinta na cikin waɗanda suka jagoranci shirin janye ruwan Everglades domin noma, ita ma ta goyi bayan shirin. Janye ruwan ne ya busar da ƙasa, ya kuma ƙara wa wutar daji ƙarfi a kewayen kurmin da take karewa. A zamaninta mutane da yawa suna ganin itace abin tsarewa ne, fadama kuwa ɓarnar ƙasa.

Ta kuma matsa wa majalisa lamba har aka kafa hukumar kula da gandun daji ta jihar a 1927.