Tarihin cinikin hannun jari na yini guda: abin da ya kamata mu sani kafin a sayar da babur



Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, matasanmu da dama suke ta neman abin yi. Wasu sun koma Keke Napep, wasu sun shiga dako a Mile 12, wasu sun koma gida. A 'yan watannin nan kuma wata sabuwar magana ta shigo mana, wadda yaran suke kira tiredin: mutum ya zauna da waya ko kwamfuta, ya sayi hannun jarin kamfani da safe, ya sayar kafin a tashi kasuwa, ya ci abinci da ribar. An kawo wa ofishin ƙungiya buƙatar rance guda biyu a kan wannan, kuma wani dattijo ya zo da kansa yana ƙorafin ɗansa na son sayar da babur ya biya kuɗin koyo. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi asalin sana'ar, tun da ba yau aka fara ta ba, kuma waɗanda suka riga mu shiga sun bar lissafinsu a rubuce.

Abin a Amurka ya samo asali. A 1792 dillalai 24 suka yi yarjejeniya a birnin New York cewa a tsakaninsu kaɗai za su riƙa ciniki, kuma suka tsayar da la'adar da ba mai sauka ƙasa da ita. Haka aka tafi kusan shekara 180. Ƙaramin mai jari ba zai iya saye da sayarwa sau goma a rana ba, domin la'ada za ta cinye shi tun kafin azahar. Sai ranar 1 ga Mayu 1975 aka soke tsayayyar la'ada, kamfanonin dillanci masu araha irin su Charles Schwab suka samu hanya. Kafin nan, a 1971, an buɗe kasuwar Nasdaq, wadda ba ta da zauren da ake taruwa ana ɗaga murya, farashi a allon kwamfuta yake fitowa.

Abin mamaki, faɗuwar kasuwa ce ta haifi sana'ar. Ranar Litinin 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini ɗaya. Mutane suka yi ta buga wa dillalai waya don su sayar, dillalai da yawa suka ƙi ɗauka. Bayan ƙura ta lafa, aka tilasta wa manyan dillalan Nasdaq su riƙa karɓar ƙananan oda ta wata na'ura mai suna SOES, wadda ke kammala ciniki nan take ba sai an nemi izininsu ba. An yi haka ne don a kare talaka. Amma wasu masu wayo suka lura cewa dillalan kan yi jinkirin gyara farashinsu idan kasuwa ta motsa, sai su yi wuf su saya a tsohon farashi su sayar a sabo cikin 'yan mintoci. Dillalai suka laƙaba musu 'yan fashin SOES. Waɗannan su ne 'yan cinikin yini na farko, kuma gaskiya wasunsu sun yi kuɗi. Sai dai a lura da dalilin ribarsu: akwai wata kafa da suka gano a tsarin kasuwar. Da aka gyara dokoki, manyan kamfanoni kuma suka sa kwamfutoci masu sauri, kafar ta toshe.

Daga tsakiyar shekarun 1990 intanet ya shiga gidaje, kamfanoni irin su E*Trade suka ba kowa damar ciniki daga ɗakinsa. A lokacin hannun jarin kamfanonin intanet tashi kawai yake yi, ko kamfani bai taɓa cin ribar sisi ba. Malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan ofis suka ajiye aiki. Aka buɗe shaguna cike da kwamfutoci, ka biya kuɗin horo, ka zuba jarinka, mai shago yana karɓar la'ada a kan kowane ciniki, ko ka ci ko ka faɗi. A watan Yulin 1999 wani mutum da ya tafka asara ya shiga irin waɗannan shaguna biyu a birnin Atlanta ya harbe mutum tara. Ranar 10 ga Maris 2000 ma'aunin Nasdaq ya kai 5,048, daga nan ya fara gangarowa, zuwa Oktoban 2002 ya zubar da kusan kashi 78 cikin ɗari. A 2001 hukumomin Amurka suka kafa dokar cewa mai yawan cinikin yini da asusun bashin dillali sai ya ajiye aƙalla dala 25,000. Ƙasar da ta ƙirƙiro sana'ar ce da kanta ta ga ya kamata ta sa mata shinge.

To mu nan gida fa? Kasuwar hannun jari ta Legas an kafa ta a 1960, ta fara ciniki a 1961, a 1977 aka mayar da ita ta Najeriya baki ɗaya, daga baya ta buɗe rassa har da Kaduna da Kano. Ciniki ta kwamfuta ya fara a 1999. Amma yawancinmu ba mu san da ita ba sai lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna suka fito neman kuɗin jama'a. Waɗanda suke Legas a lokacin za su tuna yadda ma'aikatan banki suke biyo mu har rumfa da fom a hannu. Da yawanmu mun cika, har da mai rubuta wannan. Farashi yana ninkawa, sai bankuna suka fara ba mutane bashi don su ƙara sayen hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da bashin. A watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Cikin shekara guda ya dawo wajen 20,000. Wanda ya saya da kuɗinsa ya zauna da takarda a akwati, wanda ya saya da bashi ya wayi gari ana bin sa kuɗin da ya fi abin da ke hannunsa. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe.

Zagaye na uku shi ne na waya. Manhajar Robinhood ta Amurka ta zo da ciniki ba la'ada, kuma zaman gida na korona a 2020 ya tura miliyoyin matasa ciki. A Janairun 2021 suka yi taron dangi a kan hannun jarin wani kamfani mai suna GameStop, ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa 483, a watan Fabrairu ya faɗo wajen dala 40. Hotunan waɗanda suka ci su ne suka zaga duniya. A daidai wannan lokaci manhajoji irin su Bamboo da Chaka da Trove suka ba ɗan Najeriya damar sayen hannun jarin Amurka daga wayarsa. Daga nan maganar ta iso Agege da Idi-Araba.

Yanzu ga lissafin da muka ce an bari. Wasu malaman jami'a biyu, Barber da Odean, sun duba asusun gidaje sama da 66,000 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da 17.9. Wato da sun saya sun ajiye sun tafi harkokinsu, da sun fi samu. A Brazil an bi sawun mutanen da suka fara cinikin yini tsakanin 2013 da 2015. Cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 cikin ɗari asara suka yi, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ya samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashi. Wannan na Brazil ya fi tsaya mana a rai, domin kullum abin da masu koyarwa ke cewa shi ne wanda ya faɗi bai yi haƙuri ba ne. Waɗannan sun yi haƙurin fiye da shekara, kuma ba a ga alamar daɗewa ta ƙara musu ƙwarewa ba. Hukumar kula da kasuwar Indiya ma ta fitar da nata a 2024: bakwai cikin kowane goma na masu cinikin yini asara suka yi.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a kasuwa. Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Ibadan da Legas sun ci riba ne saboda sun san abin da wani bai sani ba: farashin can da na nan, wane mahauci ne ke biyan bashi, wane ne ba ya biya. 'Yan canjinmu na Broad Street ma ribarsu tana tsakanin farashin saye da na sayarwa, kuma abokin ciniki ne ke biyan ta. Yaron da ke riƙe da waya a ɗaki, shi ne abokin cinikin. Ba shi da labarin da ya riga kowa ji, wanda ke ɗaya ɓangaren kuma sau da yawa kwamfutar babban kamfani ce da ke yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Ga kuɗin data, ga canjin naira zuwa dala da dawowa, ga wutar da za ta iya ɗaukewa yana tsakiyar ciniki. A duk zagayen nan uku, wanda bai taɓa kwana da asara ba shi ne mai karɓar la'ada da mai sayar da darasi.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Sayen hannun jarin kamfani mai aiki ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC, a ajiye shekaru ana karɓar rabon riba, wani abu ne daban, kuma kasuwar da ta faɗi a 2008 ta haura 100,000 a Janairun 2024, ko da yake naira ba ita ce ta da ba. Haka kuma cinikin yini ba ɗaya yake da damfara irin ta MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 ko CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 ba, sai dai masu damfarar da rigar tiredin suke zuwa, kuma yaro sabon shiga ba ya iya bambancewa. Batun halacci kuwa, musamman ciniki da bashi mai ruwa da sayar da abin da ba ka mallaka ba, mun bar wa malamanmu, kuma mun roƙi limaminmu ya yi bayani a kai.

Game da buƙatun rancen nan biyu, kwamiti bai yanke hukunci ba tukuna. Mun ce wa matasan su je wurin mai koyar da su, su karɓo takardar asusunsa ta ainihi daga kamfanin dillancin, ta wata goma sha biyu a jere, da shaidar rajistarsa, ba hoton allon waya ba. Yau sati uku ke nan. Ɗaya ya ce malamin nasa ya yi tafiya, ɗayan kuma an cire shi daga zauren WhatsApp ɗin a ranar da ya tambaya. Za mu saurare su duka a zaman wata mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma muna roƙon iyayensu su halarta.

Sakatare