Lissafi Hawa-Hawa: Daga Zaure Zuwa Jami'a

A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, ba boko ne ya fara koya mana bin lissafi daki-daki ba. Yau a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, sai ɗalibi ya wuce aljabara kafin ya shiga kalkulas. Amma tun kafin zuwan Turawa malaman zaure, irin na Tsafe da Bunguɗu, suna da nasu tsarin.

Almajiri kan fara da Ahalari, ya bi ta Ishmawi da Iziyya, kana Risala, babin rabon gado kuwa yana can wajen ƙarshenta. Ba mai shigarsa sai ya san sulusi da sudusi da sumuni, ya kuma iya nemo adadin da zai rabu ba saura. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da uwa da ɗa: a kasa dukiyar kashi 24, matar ta ɗauki 3, uwa 4, ɗan 17. Malamin da ya tsallake wannan mataki, haƙƙin magada zai danne.

Ita kanta aljabarar, Alhawarizmi da ya tsara ta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban kaso na littafinsa a kan wasiyya da gado ya ƙare.